Ranar ƙarshe a Alƙahira da iyali: me za a yi kafin jirgin dare?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Idan Allah ya kai mu dogon hutun yara na watan Agusta zan kai iyalina Alƙahira kwana takwas: ni da uwargida, da yara uku (babban shekararsa 12, autar shekara 3), da mahaifiyata wadda za ta ga likitan ido, tana kuma da ciwon suga. Otal ɗinmu a unguwar Dokki yake. Tikitin dawowa ya nuna jirgi zai tashi ranar Asabar ƙarfe 01:30, kai-tsaye zuwa Kano. Otal sun ce ƙarfe 12 na rana ake barin ɗaki. Tunda jirgin dare ne, na yi tunanin mu bar zuwa dalolin Giza da sayen tsaraba sai ranar ƙarshe. Uwargida ta ce kasuwa, yara sun ce hawan raƙumi. Ya kuke gani?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai mu lokacin, ya ba Hajiya lafiya. Idan na fahimce ka, ka hango yini guda cur tsakanin barin ɗaki da tashin jirgi, kana so ka cusa Giza da kasuwa a cikinsa. Sana'ata ke nan a nan Katsina, yankan tikiti da shirya wa mutane tafiyar Umara da asibiti da hutu, kuma shawarata ita ce kada ka yi haka. Giza da tsaraba duk a gama su tun kafin ranar. Ranar ƙarshe ta hanya ce, ita ce farkon tafiyar komawa gida, kuma tafiyar ba ta ƙarewa sai motarku ta tsaya a Ƙofar Ƙaura.

Kafin komai, wace rana ce ta ƙarshen?

Sake duba tikitin nan. Ƙarfe 01:30 na Asabar, a lissafin kamfanonin jirgi, yana nufin ɗaya da rabi na daren Juma'a wayewar Asabar. Ke nan da daren Juma'a za ku tafi filin jirgi, kuma Juma'a ce ranarku ta ƙarshe a Alƙahira. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cinye wa mutanenmu kuɗi. Mutum zai ga an rubuta Asabar, ya yini abinsa a gari ranar Asabar, ya je filin jirgi da dare cikin shiri, a ce masa jirginsa ya sauka Kano tun da asuba. Na ga wannan ya faru ga dattijo mai ilimi wanda ya sha tafiya. Mutum ɗaya ma ya ji a aljihunsa, balle ku shida.

Daga nan sai ka duba takardar otal. Idan an kama muku ɗaki har zuwa Asabar, to ɗakin naku ne har lokacin da za ku fita da dare, babu wata matsala. Idan kuwa zuwa Juma'a aka kama, ƙarfe 12 na ranar Juma'a za a buga muku waya daga risefshan. Ka kuma ƙirga kwanakin bizarku har da Asabar ɗin.

Yanzu mu yi lissafi daga baya. Jirgin ƙasa da ƙasa ana son a isa filin jirgi awa uku kafin tashi, ƙarfe 10:30 na dare ke nan. A filin jirgin Alƙahira ana duba fasfo da tikiti, a saka kaya a na'ura tun a bakin shiga, kafin ma a kai kantar awon kaya, sannan ga jami'an shige da fice, ga wani binciken kafin shiga jirgi. Da tsohuwa da 'yar shekara uku da akwatuna kusan goma sha biyu, awa ukun ba ta yi yawa ba. Dokki kuma a tsallaken Kogin Nilu take, ɓangaren Giza, filin jirgi yana can arewa maso gabashin birni, kilomita ashirin da 'yan kai. Sai kun haye gada kun ratsa gari. Da safiyar Juma'a titunan Alƙahira fayau suke, amma da dare a lokacin zafi kowa fitowa yake shan iska, gadar 6 ga Oktoba da titin Salah Salem sukan cushe. Ware awa ɗaya da rabi. Ƙarfe tara na dare ku bar otal. A watan Agusta wajen wannan lokacin ake kiran Isha'i a can, don haka ko ku yi ta da an kira ku fita, ko ku yi ta a masallacin filin jirgi.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda masu tsara tafiya ba su cika sakawa a lissafi ba. Tun 2023 Masar ta dawo da sauya agogo lokacin zafi, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ta ƙarshe ta Oktoba, saboda haka a Agusta suna gabanmu da awa biyu. Ɗaya da rabi nasu sha ɗaya da rabi ne na daren Juma'a a nan. Tafiyar awa huɗu ce da wani abu, za ku sauka filin jirgin Malam Aminu Kano wajen huɗu na asuba. Kafin a fito da kaya, a bi ta wajen kwastan, a yi sallar Asuba, gari ya waye. Sannan ga kilomita wajen 170 ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Charanci, ga damina. Da ƙyar ku shiga gida kafin tara ko goma na safe. Wanda ya tashi da asubar Juma'a a Dokki, sai hantsin Asabar zai ga gadonsa. Ka auna wannan da jikin Hajiya.

Kuɗin ɗaki

Idan ɗakinku zuwa Juma'a da rana ne, biya kwana ɗaya ƙari, ko da ɗaki guda ne cikin waɗanda kuka kama. Na san abin da za ka ce: ta yaya zan biya kuɗin kwana alhali ba za mu kwana ba? A duk kuɗin da za ka kashe a tafiyar nan babu wanda zai yi maka amfani kamarsa.

Ka zo zauren kowane otal a Dokki ko Madinat Nasr da la'asar, za ka ga iyalin da suka ƙi biya. Akwatuna jibge a lungu an zagaye su da igiya. Uwa tana zaune a gefen kujera da yarinya ta yi barci a cinyarta, gumi ya jiƙa mata wuyan riga, famfas ya cika, kayan canjin kuma suna can ƙasan akwatin da aka riga aka ɗaure. Tsohuwa ta cire takalmi tana so ta miƙe ƙafa, kunyar baƙi ta hana ta. Yara maza suna faɗa a kan waya ɗaya da cajinta ya kusa ƙarewa. Maigida yana kai da kawo yana duba agogo, saura awa biyar. Kafin su kai filin jirgi kowa ya ƙule da kowa.

Wasu otal sukan yarda a ƙara wa baƙo awa biyu ko uku kyauta, wasu su karɓi rabin kuɗi zuwa shida na yamma. Babu laifi ka tambaya, amma ka tambaya tun ranar da kuka sauka, a rubuta maka a takarda, domin wanda ya yi maka alkawari da baki ranar Litinin wataƙila ba shi ne a kan aiki ranar Juma'a ba. Kuma ko an ba ka zuwa shida, akwai sauran awa uku. Ni dai da tsohuwa mai suga a tafiyar, ɗaki har tara na dare nake shirya wa mutane. Hajiya ta yi ƙailula, ta ci abinci a kan lokaci, ta sha magani, kowa ya yi wanka da magariba ya sa kaya masu tsabta.

Me ya sa ba Giza ba

Dalolin Giza wuri ne na fili, yashi da dutse, babu inuwar kirki, kuma a Agusta zafin Alƙahira yakan kai digiri 35 ko ya wuce. Mu Katsinawa ba baƙin rana ba ne, amma a gida ba ma yawo a tsakiyarta da tsohuwa da jaririya. Akwai tafiyar ƙafa, akwai jan ciniki da masu raƙuma da dawakai, kuma wurin ba ya ƙarewa a lokacin da aka yanka masa. Za ku dawo da ƙura har cikin kunne, ƙafafu sun yi tsami. Idan yaro ya zame daga kan raƙumi ko rana ta buge shi, babu sauran kwana da za a yi jinya.

Akwai wani dalilin kuma. Abin da yara suka fi ɗoki, kada a ajiye shi a ranar da ba ta da gobe. Idan wani ya tashi da zazzaɓi, ko likitan Hajiya ya ce a dawo, shi ke nan an tafi Masar an dawo ba a ga dala ba, kuma ɗanka mai shekara 12 zai riƙa tuna maka har ya yi gemu. Ku je a rana ta biyu ko ta uku, da sassafe, da an buɗe ƙofa. Iskandariyya kuwa, idan wani direba ya ce zai kai ku ya dawo da ku kafin dare, ka yi masa godiya kawai. Ta haura kilomita 200.

Tsaraba

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan ne rigimar take. Uwargida tana da gaskiya, tsaraba wajibi ce a wurinmu, ba a dawowa daga ƙasar waje hannu rabbana. Amma sayayyar ranar ƙarshe ita ce mafi tsada. Ɗan kasuwar Khan el-Khalili ya gaji ciniki kaka da kakanni, kasuwar tun ƙarni na 14 take, zamanin Mamluk, kuma daga yadda kake duba agogo ya san yau za ka tashi. Makamin mai saye a can ɗaya ne: ya taya, a ce albarka, ya juya ya tafi, gobe ya dawo. Wanda jirginsa ke tashi da dare ba shi da wannan makamin. Ga shi kuma ranar Juma'a shaguna da yawa ba sa buɗewa sai bayan an sauko daga masallaci, bankuna a rufe Juma'a da Asabar.

Ku yi haka: tun a Katsina uwargida ta rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba, dangin miji da nata da maƙwabta da malaman Islamiyyar yara, kowa da abin da za a saya masa. A rana ta uku ko ta huɗu ku zaga ku ji farashi. Laraba da Alhamis ku saya. Khan el-Khalili ta 'yan yawon buɗe ido ce, ta fi kyau da kallo da sayen ƙananan abubuwa. Abaya da jallabiya da mayafai da kayan yara sun fi sauƙi a Muski da Ataba, inda su kansu Misirawa ke saye, yadi kuma a Wikalat al-Balah da ke Bulak. Littattafan addini suna shagunan da ke bayan masallacin Azhar. Idan kana da ɗan uwa ko ɗan unguwa cikin ɗalibanmu da ke karatu a Azhar, ka roƙe shi ya raka ku, ka kuma sallame shi da kyau, ɗalibi ne.

Littattafai su ne ke karya sikeli. Mujalladi goma na tafsiri sun isa su cinye rabin akwati. Haka zuma da man habbatus sauda da dabino. Kuma don Allah kada a sayo zoɓo. Za ku gan shi jibge a shagunan kayan ƙamshi an zuba a kwando mai kyau, yara su ce a saya, alhali daga ƙasarmu ake loda shi a kai ƙasashen waje.

Tikitinka zai nuna adadin jakar kowane mutum da nauyinta. A wannan hanyar yawanci jaka biyu ne masu kilo 23, amma abin da ke rubuce a naka shi ne hujja. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, kowace jaka ake aunawa ita kaɗai. Idan ɗaya ta yi kilo 28 ɗaya ta yi 15, ba lallai ma'aikacin kanta ya haɗa maka lissafi ba. Sai ka ga an buɗe akwati a tsakiyar jama'a, uwargida a durƙushe tana kwashe kayan ciki da kwalaben turare tana turawa wata jakar, layi ya tsaya ana kallo, zif ya ƙi rufuwa. Sayi ɗan sikelin rataye na hannu, ba shi da tsada, ku auna komai daren Alhamis a ɗaki, ku bar rarar kilo ɗaya a kowace jaka don sikeli yakan saɓa. Turaren ruwa da zuma da mai a naɗe su a leda biyu a saka cikin manyan akwatuna, domin duk ruwan da kwalbarsa ta wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Fawa bank kuma akasin haka, a jakar hannu yake tafiya, ba a saka shi a kayan da za su shiga ƙasan jirgi.

Abu biyu da ba na wasa da su. Duk wanda ya ja ka gefe ya nuna maka wani ɗan gunki ko tsohon kuɗi ya ce daga kabarin Fir'auna aka haƙo, ka wuce. Galibi jabu ne, idan kuma na gaske ne ya fi muni, dokar Masar ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi kuma ɗauri ake yi. Na biyu, kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya gaishe ka da Hausar Katsina ya ce maganin mahaifiyarsa ne.

To me za a yi ranar Juma'ar?

Fita ɗaya, da safe, a dawo ɗaki kafin la'asar. Ranar tafiya kamar ranar kai amarya ce, duk abin da aka ce ƙarfe biyu sai ya kai huɗu, don haka ba a cika ta da shiri.

Da ni ne, Fustat zan kai su, wata tsohuwar unguwa a Alƙahira. A can Gidan Tarihin Wayewar Masar yake, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyin zamanin Fir'auna 22 a watan Afrilun 2021, har da Ramsis na biyu. Akwai sanyin na'ura, ƙasa a shafe take keken guragun Hajiya zai bi, kuma bai kai tsohon gidan tarihin dandalin Tahrir yawan kaya ba, awa ɗaya da rabi ta isa. Zauren gawarwakin a ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto a ciki. Babban yaronka zai so shi, autar kuwa gara ta tsaya a sama da mahaifiyarta. Wuraren tarihi da yawa a Masar yanzu da kati ake biyan kuɗin shiga, ka tabbatar naka yana aiki tun farkon mako. Daga nan masallacin Amr bin Al-As ba nisa, shi ne masallaci na farko da aka gina a Masar, tun zamanin Sayyidina Umar. Ana sallar Juma'a wajen ƙarfe ɗaya a agogonsu na lokacin zafi. Ku yi salla, ku koma otal, a ci abinci, a kwanta.

Idan ranka ya fi kwanta wa Azhar, wanda sarakunan daular Faɗimawa suka fara ginawa a shekarar 970 Miladiyya, shi ma daidai ne, sai dai cunkoson wajen ya fi yawa, kuma Khan el-Khalili tana tsallaken titi. Ka san abin da zai biyo bayan sallama. Idan za ku je can, a yi yarjejeniya tun a ɗaki cewa abin da zai shiga jakar hannu kaɗai za a saya.

Da yamma, idan kaya a ɗaure suke kuma kowa ya yi barci, ana iya fita bakin Nilu a sha iska na awa ɗaya, tunda kusa da ku yake. Rana ba ta faɗuwa sai wajen bakwai da rabi. Jirgin ruwa mai filafilai yana da daɗi, amma ku hau shi a wata ranar. Wasu kuma sukan bar otal da wuri su yada zango a City Stars, katafaren rukunin shagunan da ke kusa da hanyar filin jirgi. Ga mai jakar goyo ɗaya dabara ce. Ga mai akwati goma sha biyu wahala ce, sai an bar kaya a motar wanda ba a sani ba.

Abinci ranar nan, abin da cikinku ya riga ya saba da shi a kwanakin baya. Idan ba ku taɓa cin koshari ba, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa da miyar tumatir, ku ɗanɗana shi tun farkon mako. Ɗanyen ganye da lemon kan titi mai ƙanƙara a haƙura da su. Gudawa a cikin jirgi da yaro ba abin da za ka so wa maƙiyinka ba ne.

Hajiya

Ni ba likita ba ne, don haka yadda za ta daidaita maganin suga da cin abinci a daren da ba za a yi barci ba, likitanta za ku tambaya, ku tambaye shi tun kafin ranar. Idan aka yi mata aiki a idon, shi ne kuma zai ce ga ranar da za ta iya hawa jirgi, a karɓi wannan a rubuce. Abin da ke nawa shi ne: duk takardun asibiti da sakamakon gwaji da tabarau da magunguna a karɓe su ranar Laraba ko Alhamis, saboda ɗakunan ganin likita da yawa ba sa aiki Juma'a. Magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita, a jakar hannu, musamman idan allurar insulin take yi. A saka mata dabino da biskit a kusa. Ka sa wanda ya yankar maka tikiti ya nema mata keken guragu aƙalla awa 48 kafin tafiya, a Alƙahira da Kano duka. Za ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba ta so. Ka lallashe ta. Tafiyar cikin filin jirgin tana da tsawo, kuma mai tura keken yakan wuce da iyalin gaba ɗaya ta layi mai sauri.

Sauran ƙananan abubuwa

Uber tana aiki a Alƙahira, amma ƙaramar mota ba za ta ɗauke ku da kayanku ba, raba iyali mota biyu da dare kuma neman magana ne. Tun Alhamis ka sa otal su kama muku ƙaramar bas, a yanke kuɗi, a faɗa wa direba lambar tashar da ke kan tikiti, domin filin jirgin tasha uku ne. Kuɗin otal a biya da rana, a karɓi rasit. Fasfo shida da katin rigakafin shawara su zauna a jaka ɗaya a jikinka, ka ƙirga su a ɗaki, ka sake ƙirgawa a mota. Fam ɗin Masar da ya rage a kashe shi a can, a bar 'yan canji na masu ɗaukar kaya, waɗanda za su kama akwatinka tun kafin ka kira su. Idan ka kawo shi gida da wuya ka sami ɗan canjin da zai karɓa da daraja. A jakar autar a saka kayan canji biyu da rigar sanyi, cikin jirgi akwai sanyi da dare.

Ka ajiye naira a aljihu da layin wayarka na gida a inda za ka same shi kafin a sauka. Direban da zai ɗauke ku ya kwana a Kano ranar Juma'a, kada ya taso daga Katsina da tsakar dare sannan ya juyo da ku bai runtsa ba. Lokacin sauka da ke kan tikiti agogon Najeriya ne, shi za ka faɗa masa ba tare da ƙari ko ragi ba, ka kuma nanata masa cewa asubar Asabar ce. Ko da kun fito da wuri, ku zauna a filin jirgi ku yi salla, a ba Hajiya abin karyawa, sai gari ya yi haske ku kama hanya. Idan kana da 'yan uwa a Kano kuma ka ga jikinta ya yi laushi, ku sauka wurinsu ta yi barci, ku taso bayan Azahar ku shiga Katsina da sauran rana.